Nawa ne ainihin kuɗin hoto ko bidiyon AI? Fashin baƙi kan farashin Midjourney, Runway, Veo da sauransu

Idan ka buɗe shafin farashin waɗannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira (AI) masu yin hoto da bidiyo, kafin ka gama karanta na uku kanka ya ɗaure. Wannan ya ce dala 10 a wata, wancan ya ce dala 250, wani yana maka lissafi da awa, wani da kiredit, wani da sakan na bidiyo, wani kuma ya rubuta da manyan baƙi wai babu iyaka. Shi ya sa tambayar da mutane suka fi yi, wai wanne ya fi araha, ba ta amsuwa kai tsaye, don kowane kamfani da ma'aunin da yake auna maka kayansa da shi, kuma a ganina ba bisa kuskure suka yi hakan ba, idan ma'auni ya bambanta kwatantawa tana wahala. Lissafin da ya kamata mutum ya yi guda ɗaya ne: nawa na kashe kafin na samu hoto ɗaya, ko sakan ɗaya na bidiyo, wanda zan iya amfani da shi a aikina. Wannan adadin kuwa babu kamfanin da yake rubuta shi a shafinsa.

Bari mu fara da abin da kake saya a zahiri. Duk sanda ka rubuta umarni ka danna, akwai wata na'ura a wata cibiyar ajiyar bayanai, wacce ake kira GPU, da take ɗaukar aikinka. Yawancin injinan hoto suna farawa ne da ɗigo-ɗigo barkatai marasa ma'ana, sai su riƙa gyarawa mataki-mataki, sau ashirin, sau talatin, wani lokacin sau hamsin, har siffar abin da ka nema ta fito. Kowane mataki lissafi ne mai nauyi, kuma na'urar da ke yin sa tana da tsada, H100 ɗin kamfanin Nvidia guda ɗaya ana maganar dala dubu 25 zuwa sama, ga wuta da take sha, ga sanyaya ta. To lokacin wannan na'urar kake haya. Kiredit, awa, sakan, duk sunaye ne da aka laƙaba wa abu ɗaya.

Midjourney ne ya fi fitowa fili a kan wannan, kuma ina yaba musu a nan. David Holz ne ya kafa kamfanin a San Francisco, suka buɗe wa jama'a a watan Yulin 2022 ta cikin manhajar hira ta Discord, kuma tsarin biyansu da aka daɗe da sani hawa huɗu ne: dala 10, dala 30, dala 60 da dala 120 a wata. Na dala 10 yana ba ka awa 3.3 na GPU mai sauri, wato kusan minti 200, aikin hoto ɗaya kuma yana cin kusan minti guda ya fito maka da hotuna huɗu ka zaɓa. Kenan kowace dannawa tana tashi kusan senti 5. Na dala 30 awa 15 ne, na 60 awa 30, na 120 awa 60, idan sun ƙare kafin wata ya ƙare kana iya sayen ƙarin awa a dala 4. Daga na dala 30 zuwa sama akwai abin da ya fi awannin muhimmanci ga mai yawan aiki, wato layin jira, inda za ka yi ta fitar da hoto ba a cire maka komai amma sai na'ura ta samu sarari sannan a yi naka. A nan ne kalmar babu iyaka take samun ma'anarta ta gaskiya a duk masana'antar: ba a ƙayyade maka adadi ba, amma an ƙayyade maka sauri. Runway, kamfanin bidiyon AI, shi ma haka ya yi a tsarinsa na dala 95 a wata a 2025. Idan ba ka gaggawa ciniki ne mai kyau ƙwarai, idan kuma mai aiki yana jiran ka gobe da safe, layin jiran nan zai iya sa ka koma sayen awa mai sauri dole.

OpenAI sun bi wata hanyar. Lokacin da suka fara sayar da injin hotonsu DALL-E 2 a 2022, kiredit 115 ne a dala 15, daga baya da DALL-E 3 ya zo a 2023 sai suka cusa shi cikin ChatGPT Plus na dala 20 a wata, ya zama kana biyan kuɗin hira da rubutu, hoton kuma ya biyo baya kamar ƙari. Ga masu haɗa manhaja da ke saye kai tsaye ta API kuwa, wato hanyar da manhaja ke aika wa injin aiki kai tsaye, a lokacin hoton DALL-E 3 na gama-gari senti 4 ne, mai inganci sosai senti 8. Wannan farashin na API yana da amfani a sani ko da ba ka taɓa rubuta shirin kwamfuta ba, saboda shi ne ke nuna maka farashin sari. Idan hoto senti 4 ne, dala 20 hoto 500 kenan. Mutumin da ke buƙatar hoto talatin a wata kuma yake biyan kuɗin wata-wata don hoto kawai, shi ne ke ɗaukar nauyin wanda ke fitar da dubu biyu.

Duk wannan a hoto ne, inda kuɗin bai taka kara ya karya ba. Bidiyo ne inda aljihu ke jin jiki.

Bidiyo na sakan 5 a kan firam 24 kowane sakan, hotuna 120 kenan, kuma ba hotuna 120 ne kowanne da kansa ba, dole fuskar da ke firam na farko ta zama ita ce a na ƙarshe, rigar kar ta canja launi, hannu kar ya ƙara yatsa a tsakiyar tafiya, inuwa ta bi haske. Injinan suna matse bayanan kafin su yi lissafi don rage nauyi, amma duk da haka aikin ya ninka na hoto sau da yawa. Da Midjourney ya fitar da injin bidiyonsa a watan Yunin 2025, da bakinsu suka ce aikin bidiyo ɗaya zai ci kusan ninki 8 na aikin hoto. Google da ya sa wa injin bidiyonsa Veo 2 farashi a farkon 2025, senti 50 ne kowane sakan, wato dala 30 minti ɗaya, dala 1,800 awa ɗaya. Veo 3 da ya zo a watan Mayun 2025, wanda ke haɗa bidiyo da sauti har da maganar mutane, an fara sayar da shi ta API a senti 75 kowane sakan, kuma guntun da yake bayarwa sakan 8 ne, kenan dannawa ɗaya dala 6. Ka danna, mutumin cikin bidiyon ya buɗe baki sautin bai dace da leɓe ba, dala 6 ta tafi, babu mai mayar maka.

Wannan ne wurin da nake so a tsaya a yi lissafi da kyau, don a nan mutane suka fi faɗawa. Ɗauki ƙaramin tsarin Runway yadda yake a 2025, dala 15 a wata, kiredit 625. Adadin 625 yana cika ido, mutum zai ɗauka zai yi ta aiki har wata ya ƙare. Amma injinsu Gen-4 yana cin kiredit 12 kowane sakan. Raba 625 da 12, sakan 52 ne, ko minti ɗaya bai cika ba. Guntu mai sakan 5 kiredit 60 ne, kenan guntaye goma kake da su a watan gaba ɗaya. A takarda kowane sakan ya tashi kusan senti 29. To yanzu mu ɗauka, a matsayin misali kawai, cikin guntaye biyar ɗaya ne yake fitowa yadda kake so, sauran huɗun ko motsin ya karkace ko kamara ta tafi inda ba ka aike ta ba. Cikin goman nan biyu ka tsira da su, sakan 10 a dala 15, kowane sakan ya koma dala ɗaya da rabi. Idan tallar minti ɗaya kake son haɗawa kana buƙatar guntaye 12 masu kyau, a wannan ƙiyasin gwaji 60 kenan, kiredit 3,600, kusan ninki shida na abin da aka ba ka a wata. Farashin da ke shafi bai yi ƙarya ba, sai dai bai gaya maka cewa ana cajin ka a kan wanda ya lalace daidai da wanda ya yi kyau ba.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa inji mai tsada wani lokacin yake fin mai araha sauƙi. Idan wani yana cajin ninki biyu amma yana fahimtar umarninka a gwaji na biyu, ya fi wanda ke cajin rabi amma sai ka danna sau goma. Kuma akwai dabarar da masu wannan aikin suka koya da gumin aljihunsu: kar ka fara da bidiyo. Ka fara da hoto, inda kuskure senti kaɗan ne, ka gyara fuska da kaya da haske har ka gamsu, sannan ka ba injin bidiyo wannan hoton ya motsa shi. Haka kuma kusan kowane kamfani yana da inji mai sauri mai rahusa, Gen-4 Turbo na Runway kiredit 5 yake ci a sakan maimakon 12, Google ma yana da Veo 3 Fast, sai ka yi gwaje-gwajenka a can, idan umarnin ya zauna ka kai shi babban inji sau ɗaya ko biyu. Wanda ya san wannan da wanda bai sani ba suna biyan kuɗin wata iri ɗaya amma abin da suke fita da shi ba ɗaya ba ne ko kusa.

Sai maganar ƙarewar kiredit, wacce gaskiya tana ɓata min rai. A Runway da Midjourney da yawancin sauran, abin da aka ba ka na wata idan ba ka cinye ba ba ya tsallakawa wata mai zuwa, tamkar datar waya da wa'adinta ya cika. Mai aikin da ke zuwa lokaci-lokaci, wata ɗaya ayyuka sun yi masa yawa wata biyu shiru, shi wannan tsarin ya fi cuta, a watan aiki kiredit bai ishe shi ba sai ya ƙara saye, a watan shiru kuma ya biya kuɗin abin da bai taɓa ba. Sannan ga rangwamen biyan shekara, kashi 20 cikin ɗari a Midjourney, Runway ma na dala 15 yana komawa 12. A wata sana'ar wannan ciniki ne, a nan kuwa ni ba na ba kowa shawarar ɗaure kansa shekara guda. Duba yadda abin ke gudu mana: Kling na kamfanin Kuaishou na Sin ya fito a tsakiyar 2024, Sora na OpenAI ya buɗe a watan Disambar 2024, Veo 3 a Mayun 2025, kuma shi Veo 3 ɗin cikin 'yan watanni Google ya sauke farashinsa daga senti 75 zuwa senti 40 a sakan. Wanda ya biya shekara a kan injin da ya fi kowanne a watan Janairu, kafin Yuni yana iya samun kansa riƙe da na uku ko na huɗu.

To me ya sa farashin ke hawa da sauka haka, har wani ya kai dala 200 ko 250? Saboda su kansu kamfanonin ba su gama gano farashin da zai fitar da su ba. ChatGPT Pro dala 200 ne a wata, shi ne lokacin fitowar Sora yake ba da bidiyo har sakan 20 a ingancin 1080p ba tare da tambarin kamfani a jiki ba, alhali mai biyan dala 20 an tsayar da shi a 720p, wanda bai kai wancan kyau ba, da guntaye gajeru. Duk da wannan kuɗin, Sam Altman, shugaban OpenAI, ya fito a watan Janairun 2025 ya ce asara suke yi a kan tsarin Pro saboda mutane suna amfani da shi fiye da yadda suka zata. Tsarin Google AI Ultra kuma ya fito ne a 2025 a kan dala 249.99 a wata, shi ne ƙofar farko da aka buɗe wa Veo 3. Abin da wannan ke nufi shi ne farashin da muke gani yau wani ɓangarensa kuɗin masu zuba jari ne ke tallafe da shi, ana neman jama'a tukuna. Yana iya sauka saboda na'urori na ƙara ƙarfi kuma gasa ta yi zafi, yana kuma iya hawa ranar da masu jari suka ce a fara kawo riba, ko a bar farashin yadda yake a rage kiredit ɗin a hankali, wanda shi ne ƙarin kuɗin da mutane ba sa saurin lura da shi.

Na kyauta fa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Runway yana ba sabon shiga kiredit 125 sau ɗaya tak, wanda bai wuce ɗanɗano ba, kuma bidiyon da tambari a jiki. Midjourney ma ya rufe gwajin kyautarsa tun watan Maris na 2023 da jama'a suka yi masa yawa. Na kyauta yana da kyau don ka ga ko injin yana fahimtar irin aikinka, iyakarsa kenan.

Akwai kuma kyauta ta wani nau'in daban, wacce ta fi wannan ma'ana. A watan Agustan 2022 Stability AI suka saki Stable Diffusion kowa ya sauke a kwamfutarsa, a 2024 Black Forest Labs na Jamus suka fito da Flux, a 2025 Alibaba ya saki Wan mai yin bidiyo. Waɗannan babu kuɗin wata, babu kiredit, ka danna sau dubu babu mai cajin ka. Amma kuɗin ya koma wani wuri ne: katin GPU mai ƙarfi irin RTX 4090 mai gigabait 24 da aka fitar a dala 1,599, ga wuta, ga kwanakin da za ka ɓata kana koyon haɗa kayan aikin. Ga mai fitar da dubban hotuna a wata, ko wanda ba ya son hotunan abokan cinikinsa su hau kwamfutar wani kamfani, wannan hanyar tana biyan kanta. Ga mai hoto ashirin a wata kuwa wahala ce kawai. Kuma a karanta lasisi, don a cikin Flux ɗin ma akwai wanda aka yarda ka yi kasuwanci da shi, akwai wanda injin an sake shi ne don bincike da gwaji ba don kasuwanci ba.

Lasisin nan ya kawo mu ɓangaren darajar da ba a gani a ingancin hoto sam. Hotuna biyu suna iya yin kyau iri ɗaya amma ɗaya kana da kwanciyar hankalin sayar da shi, ɗayan babu. A Midjourney duk abin da ka ƙirƙira a buɗe yake ga sauran masu amfani sai in kana kan tsarin dala 60 ko 120 inda ake iya ɓoyewa, don haka wanda ke zana samfurin kayan da kamfani bai fitar ba tukuna, na dala 10 ba nasa ba ne komai arahar sa. Kuma a ƙa'idarsu kamfanin da kuɗin shigarsa ya wuce dala miliyan ɗaya a shekara dole ya hau ɗaya daga cikin manyan tsarukan biyu. Adobe kuwa tun da ya fito da Firefly a 2023 abin da yake tallatawa shi ne an horar da injin a kan hotunan rumbunsa na Adobe Stock da waɗanda aka samu izininsu da waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, har yana yi wa manyan kamfanoni alkawarin tsaya musu idan aka kai su kotu. Mutane da yawa suna ganin hoton Firefly bai kai na Midjourney armashi ba, amma babban kamfanin talla yana iya zaɓar sa saboda wannan alkawarin kaɗai. Kuma tsoron ba na banza ba ne, kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya maka Stability AI a kotu a 2023, Disney da Universal suka maka Midjourney a watan Yunin 2025 kan cewa injin yana fitar da taurarin finafinansu.

Ga wani abin kuma da masu sayar da aikin AI ya kamata su sani. A Amurka, ofishin kula da haƙƙin mallaka ya bayyana a rahotonsa na Janairun 2025 cewa rubuta umarni kawai bai isa ya sa mutum ya zama mai haƙƙin hoton ba, sai an ga hannun ɗan Adam a aikin, kamar gyara ko tsarawa ko haɗawa da abin da ya zana da kansa, kuma a watan Maris na shekarar kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar a shari'ar Stephen Thaler cewa aikin da inji ya yi shi kaɗai ba a yi masa rajista. Kamfani zai ce maka hoton naka ne, ma'ana shi ba zai bi ka ba, amma hakan bai ba ka ikon hana wani ɗauka ba. Idan tambarin kasuwanci kake yi wa wani, wannan babbar magana ce, don me ake da tambarin da kowa zai iya kwafa? Dokar kowace ƙasa daban ce, amma da yake yawancin kamfanonin nan a Amurka suke, hukuncin can yana da nauyi.

Ina ganin kuma rashin adalci ne a yi maganar arahar waɗannan injina a manta da masu zane da masu ɗaukar hoto da aka kwashi ayyukansu daga intanet aka horar da injinan ba tare da an tambaye su ba. Wani ɓangare na dalilin da ya sa hoto ya tashi senti 4 shi ne ba a biya su ba. Idan kotuna suka ce dole a biya, ko kamfanoni suka koma sayen izini da ƙulla yarjejeniya irin wacce Runway ya yi da kamfanin fim na Lionsgate a 2024, wannan kuɗin a jikin farashin wata zai fito.

Abin da nake ba mutum shawara kafin ya saka katinsa: ya ɗauki aiki ɗaya na gaske, ba hoton wasa ba, irin wanda zai miƙa wa mai biyan sa ko ya ɗora a shagonsa, ya biya wata ɗaya tak a ƙaramin tsari, ya riƙa rubuta sau nawa ya danna da guda nawa ya ajiye. Ƙarshen wata ya raba kuɗin da adadin waɗanda ya ajiye, ya ƙara da awannin da ya zauna yana jira da gyara, don lokacinsa ma kuɗi ne. Ya yi haka a manhaja ta biyu da umarni iri ɗaya. Kuma ranar da ya biya ya shiga saitin asusunsa ya kashe sabuntawar kai tsaye, saboda kusan dukkansu da kansu suke cire kuɗin wata na gaba ko ka buɗe manhajar ko ba ka buɗe ba.